Koren Zare a Dardumar Alhaji

Alƙahira, 5 ga Yuli

Gwaggo Lydia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya makaranta da ɗalibanku masu surutu? Yaya ƙarfin jikin Baba Ishaku? Na ji daɗi da kika ce an sallamo shi daga asibiti, har ya fara faɗa don an hana shi gishiri. Tunda ya samu bakin faɗa, ai sauƙi ya samu. Ni ma lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da karatun haɗa magunguna da ya sa ni gaba.

Gwaggo, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Hajiya ta yarda! Kakata Hajiya A'isha, da bakinta, ta ce za ta zo Tarauni ranar taron godiyar da za ku yi saboda tashin Baba.

Jiya Juma'a muka yi waya kamar yadda muka saba. Na ce mata, "Hajiya, shekara ashirin kuna gari ɗaya, ke a Gyadi-Gyadi shi a Tarauni, ba mai ganin wani. A tsararku ku biyu kaɗai kuka rage." Ta ce, "Wa? Mutumin da bai zo mini ta'aziyyar mijina ba?" Na ce mata saura ƙiris a yi tasa ta'aziyyar a wannan kwanciyar. Can ta ce, "Dardumar Alhaji tana nan?" Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "In tana nan zan je in yi La'asar a kanta. In sun yar da ita, ba ni da abin yi a gidan."

Ni kuwa don rawar jiki na ce, "Tana nan mana, Hajiya!" Alhali ban taɓa jin labarinta ba. Don Allah wace darduma ce wannan? Kuma tana nan ɗin? Ki fitar da ni kunya.

A gaida Baba, ki ce masa abokin faɗansa yana gaishe shi.

Ɗanki,
Faruk

Tarauni, Kano, 9 ga Yuli

Ɗana Faruk,

Gaisuwa da ƙauna. Muna nan lafiya, mun gode wa Ubangiji. Baba yana takawa har bakin ƙofa da sandarsa. Kamar kullum da biro na rubuto na ɗauki hoto na turo maka, don yatsuna ba sa shiri da ƙananan haruffan wayar nan.

Da na karanta saƙonka sai da na taka rawa a kicin, ludayi a hannu. Na je na faɗa wa Baba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "A'i ce za ta zo gidan nan?" Daga nan sai ya ce a kira masa wanzami. Allah Ya yi maka albarka, yaron nan. Abin da manya muka kasa, ka yi shi ta waya.

Ga labarin darduma, tunda ba a ba ka ba. Baba da kakanka Alhaji Ɗanjuma ɗan mace da ɗan namiji ne. Tare suka hau jirgin ƙasa daga Zonkwa suka zo Kano suna samari. Kakanka ya musulunta ya kama kasuwanci, Baba ya tsaya a cocinsa ya shiga aikin gwamnati, amma ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Har bayan an kawo Hajiya amarya, Baba yana zaune a shagon gidan. Dardumar kuwa kakanka ya sayo ta a hajjinsa na farko, kuma tun a lokacin tsohuwa ce. Ranar da Baba ya yi aure ya kama gidansa, sai Alhaji ya naɗo ta ya kawo. Ya ce, "Ishaku, ajiye wannan, don in na zo gidanka kada in ce zan tashi saboda salla." Tun ina yarinya na san ta tare da buta a bayan kujera. Duk Kirsimeti a kanta danginku suke salla.

Lokacin da Alhaji ya rasu gari a rikice yake, mun koma gida Zonkwa, ba mu dawo ba sai bayan shekara biyu. Baba ya ce gobe zai je, gobe ta zama wata, wata ya zama shekara. Kunya ta riƙe masa ƙafa. Ya naɗe darduma ya sa a akwati.

To tana nan, Faruk. Amma ni Lydia na yi mata aika-aika.

Da murna na ciro ta, sai warin akwati, ga asu ya ɗan ci gefe ɗaya. Ka san yadda muke yi a garin nan, duk kafet ɗin da ya yi datti wajen wankin mota ake kai shi. Haka na yi. Suka shimfiɗa ta a siminti, suka zazzaga mata garin sabulu, suka bi ta da burushi, suka sakar mata injin feshin ruwan nan da ake wanke tayar mota da shi, suka shanya ta a katanga cikin rana. Da na koma ɗauka, sai na tarar da ɓarna. Jan rinin ya zuba cikin farin tsakiya, wurin nan mai kama da ƙofar masallaci, kamar an kifar da zoɓo a farar riga. Gezar gefe ɗaya ta tafi, bakin ya buɗe yana warwarewa. Mai wankin har yana ce mini, "Madam, ai ta fita fes!" Ban ga laifinsa ba, ni na kai masa da hannuna.

Ga hotuna nan, na gaba da na baya. Baba bai sani ba. Taron ranar Lahadi ne, 24 ga Agusta. Yaya zan yi?

Gwaggonka,
Lydia

Alƙahira, 12 ga Yuli

Gwaggo Lydia,

Gaisuwa da fatan kin samu barci. Ina fatan Baba yana ƙara samun ƙarfi. Ki kwantar da hankalinki, labari mai daɗi na zo da shi.

Na ɗauki hotunan na tafi tsohuwar kasuwa, layin masu darduma. Na nuna wa wani dattijo. Da farko kallon ɗalibi mara kuɗi ya yi mini. Da ya ga hoton bayan dardumar sai ya karɓe wayar daga hannuna, ya yi ta buɗa hoton da yatsu, ya kira maƙwabcinsa, ya sa aka kawo mini shayi. Gwaggo, ashe abin da kuka ajiye a bayan kujera ba ƙaramin abu ba ne! Ya ce saƙar hannu ce daga ƙauyukan Turkiyya, ƙulli ɗaya bayan ɗaya aka yi ta, da gashin tumaki da aka rina da saiwa da ganye. A ganinsa ta haura shekara ɗari. Ya ce a da alhazan wajen su kan riƙo irinta su sayar a hanya su yi guzuri, wataƙila a hannun irinsu kakana ya saya.

Da na gaya masa zancen wankin mota, ya dafe kai ya yi wasu maganganu da ba zan fassara miki ba, don ke babba ce.

Amma ya ce tana gyaruwa. Ga abin da ya ce: kada ta ƙara ganin rana, kada a ninke ta sai dai a naɗe, kuma kada ki kusanci tela da ita. A nemi mai gyaran darduma na ainihi, wanda yake aiki da allura da ulu. Kano ce fa, Gwaggo, ba za a rasa ba. Ya kuma ce ki shirya, gyaran irinta ba ya arha, don aikin hannu ne da cin lokaci. Ina da ɗan abin da na ajiye, zan turo ta hannun wani abokina da zai dawo gida.

Roƙona ɗaya: a gyara ta tsaf, kada a bar tabo ko ɗaya da idon Hajiya zai faɗa a kai. Kin san ta, tana iya hango tsinke a cikin tuwo daga ƙofar ɗaki.

Ɗanki,
Faruk

Tarauni, Kano, 20 ga Yuli

Ɗana Faruk,

Gaisuwa da ƙauna. Lafiya muke, ruwa yana ta sauka, Baba ya fara zagaya tsakar gida da safe wai yana motsa jini kafin baƙuwarsa ta zo. Ya sa an ɗinka masa sabuwar riga. Mutumin da sai an yi yaƙi yake saka sabon kaya!

Na samu mai gyara! Madam Obiechina mai sayar da labule a Unguwa Uku ce ta yi mini kwatance. Sunansa Malam Auwalu, ya yi shekaru a Jidda yana wannan aikin a shagon wani mutumin Afganistan. Ka san inda shagonsa yake? Gyadi-Gyadi, lungu biyu tsakaninsa da gidan Hajiya! Na naɗe darduma a zanin gado, na ja gyale na rufe rabin fuska, na sauka daga adaidaita sahu ina waige-waige kamar wadda ta sato akuya.

Shagon ɗan ƙarami ne, amma na daɗe ban ga aiki mai ban sha'awa irin nasa ba. Bai ko kalli fuskar dardumar ba, kifa ta ya fara yi ya bi bayan da yatsa. Ya jiƙa farin ƙyalle ya danna a kan jan, ya ɗaga ya duba. Ya ce rinin da ya zuba da ruwan sanyi zai bi shi a hankali, yana tsotse shi da ƙyalle, a inuwa, sau da yawa. Ya gaya mini gaskiya ba zai fita duka ba, amma sai wanda ya sani zai lura. Gefen da ya warware kuwa zai ɗaure ta a katako mai ƙusoshi, ya zura sababbin zare a tsaye, sannan ya yi ta ƙulla ulu ɗaya-ɗaya har zanen ya haɗu. Abin da ya fi burge ni, ba ya sa sabon ulu, wai ƙyallinsa yana tona asiri. Yana da buhu cike da guntayen tsofaffin dardumomin da suka mutu, daga jikinsu yake warware zaren da ya dace.

Sai muka zo kan kuɗi. Da tafin hannu yake auna ɓarna, kowane tafi da farashinsa, wanki daban, geza daban. Ya gama aune-aunensa ya ce dubu ɗari biyu da hamsin. Na ce, "Malam, gida zan saya?" Ya ce, "Madam, idona zan zuba a ciki." Na ce kuɗin nan ai zai sayi sababbin darduma cike da adaidaita. Ya ce, "Zai saya. Amma ba su kika kawo mini ba." Muka yi ta ja har ya sauko ɗari da casa'in, da ya ji labarin tsofaffin nan biyu. Na roƙi matan zumunta na cocinmu su ba ni kwasar adashin wannan watan, da naka sai ya isa. Ko a jikina, wallahi. In dai Hajiya za ta tako gidan nan, arha ne.

Af, akwai wani tsohon faci a kusurwar ƙasa ta hagu, bai fi goro ba. Da koren zaren ɗinkin hula aka yi shi, kore shar a cikin shuɗi, ɗinkin duk a karkace kamar tafiyar kaza. Ina jin marigayiya Mama ce ta yi, don ita ma allura ba ƙawarta ba ce. Malam Auwalu ya tambaye ni har sau biyu, "A cire wannan?" Na tuna maganarka ta kada a bar tabo ko ɗaya. Na ce a cire, a saƙa wurin yadda yake tun asali.

Ji nake kamar in jawo ranar nan da hannu.

Gwaggonka,
Lydia

Alƙahira, 26 ga Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, ki yafe mini. Da kin karanta wannan ki bar duk abin da kike yi ki tafi wurin Malam Auwalu. Kada ya taɓa koren facin nan!

Jiya da muke waya da Hajiya na ɗan tsokane ta. Na ce bayan shekarun nan anya za ta gane dardumar, ko a shimfiɗa mata wata ta yi ta salla. Ta ce, "Ni? Ko a cikin dubu zan fitar da ita." Wai tana amarya, kakana ya yi tafiya, ta ɗauko kasko za ta turara ɗaki, garwashi ya yi tsalle ya faɗa kan dardumar ya huda ta. Ta yi kuka har ta gode Allah. Sannan aka sayo mata zare a ɓoye ta zauna ta toshe ramin, ita da ba ta taɓa ɗinka ko maɓalli ba. Da Alhaji ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba, ya ce yanzu ne ta zama tasa. Gwaggo, tana ba ni labarin tana dariya kamar yarinya. Tunda nake ban taɓa jin irin wannan dariyar a bakinta ba.

Daga ƙarshe ta ce, "Abin da zan fara dubawa ke nan. In na ga koren nan na san ita ce, na kuma san sun riƙe amana."

Da na ce kada a bar tabo, ɓarnar wanki nake nufi. Ban lura da facin a hoto ba, da na ga zancensa a wasiƙarki ma ban kawo komai a raina ba. Ki yi sauri don Allah, ki kuma ba ni amsa ko ta kalma ɗaya ce.

Faruk

Alƙahira, 2 ga Agusta

Gwaggo Lydia,

Ina fatan lafiya. Shirun nan ya ishe ni. Saƙona bai nuna ya shiga ba, na kira ana ce mini wayar a kashe take. Ko jikin Baba ne? Ko fushi kika yi? Na shiga jarrabawa shekaranjiya, ina kallon takarda ina ganin koren zare.

Ba ni da lambar kowa a Tarauni sai taki. Dole ta sa zan aiko ƙanwata Zahra'u, duk da na san bakinta ba ya riƙe magana, kuma ɗaki ɗaya suke kwana da Hajiya. Na sa ta rantse. Allah Ya sa ba a makara ba.

Faruk

Tarauni, Kano, 10 ga Agusta

Ɗana Faruk,

Gaisuwa. Baba lafiya, ka kwantar da ranka ta wannan wajen. Ba fushi na yi ba. Wayata ce ta faɗa kwata ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ta daɗe a wurin mai gyara, ga jarrabawar ƙarshen zango ta ɗalibai ta sha mini kai. Sai jiya na karɓo ta na ga wasiƙunka.

An makara, Faruk.

Zahra'u ta same ni ina jan biro a takardun yara. Tun daga bakin ƙofa take faɗin saƙon. Ko takalmi ban canza ba, da silifas muka tare adaidaita. Muna shiga shagon idona ya sauka a kusurwar. Babu kore. Sai rami, bakinsa baƙi, ƙunar garwashin tana nan kamar jiya aka yi.

Sauran aikin kuwa kada ka so ka gani. Farin ya dawo, sai ɗan ja-ja kaɗan. Gefen da ya saƙa na bi da yatsa na kasa gane inda tsoho ya tsaya sabo ya fara. Ramin ne kawai bai saƙa ba, don bai samu shuɗin da ya yi masa ba tukuna.

Ashe al'adarsa ce, duk abin da ya cire daga kayan mutum sai ya ƙunshe ya mayar masa. Ya miƙo mini 'yar takarda, ga guntayen koren zare a ciki, sun ruɓe, kana taɓawa suna marmashewa. Ba su komawa. Ya ce in na so zai kwaikwayi ɗinkin da sabon zare, har karkacewar. Na yi tunani na ce a'a. Matar da ta riƙe abu a ranta shekara sittin ba za ta kasa gane hannunta ba, kuma gara ta kama ni da wauta da ta kama ni da ƙarya.

Na dawo gida na durƙusa na gaya wa Baba komai, tun daga wankin mota. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya karɓi takardar ya juye zaren a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni na sayo mata shi. A Kurmi. Shuɗi ta ce, na je na rasa, na kawo kore, ta bi ni da muciya." Ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba.

Zahra'u kuwa rantsuwarta ba ta kwana ba. Washegari ta dawo da saƙo daga Hajiya: a bar dardumar yadda take, kada wanda ya ƙara taɓa wurin. Na ce, za ta zo? Ta ce Hajiya ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba, fuska kawai ta ɗaure.

Tsoro nake ji. Ba don kaina ba, don tsohon nan da ya rataye sabuwar rigarsa a ƙofar ɗaki yana dubawa kullum. Ka yi mana addu'a irin taku, muna yin irin tamu.

Gwaggonka,
Lydia

Tarauni, Kano, 25 ga Agusta

Ɗana Faruk,

Gaisuwa da ƙauna da godiya. Lafiya muke, sai gajiyar taro. Tukwane suna nan jibge ban wanke ba, na ce sai na rubuto maka tukuna, don kai ya kamata ka fara ji.

Bari in fara daga Asabar. Da safe na fito na tarar da Baba a tsaye da hula da sanda, wai Kasuwar Kurmi za shi. Na ce, "Baba, likita fa ya ce ka huta." Ya ce likita bai san A'i ba. Haka na bi shi. Mutumin da bai wuce bakin ƙofa ba tun da aka sallamo shi, ya shiga lungunan Kurmi yana bin masu zaren hula rumfa-rumfa, da 'yar takardar nan a hannu yana gwadawa. Wannan ya yi duhu, wancan ya yi haske. Wani mai rumfa ya ce, "Baba, hular sarki za a ɗinka?" Da ƙyar ya yarda da wani, ya sa a aljihun gaba ya dafe.

Jiya bayan an taso daga coci gida ya cika. Matan zumunta sun yi waƙa har maƙwabta suna leƙowa, an ci shinkafa da waina. Baba yana zaune cikin sabuwar riga, ya juya kujerarsa tana kallon ƙofa, abincinsa a rufe. Azahar ta wuce. Mutane suka fara raguwa. Ni dai duk ƙarar adaidaita sai na leƙa ƙofa.

Gab da La'asar sai ga sallama. Hajiya ce, Zahra'u na riƙe da jakarta. Ta tsufa, Faruk, amma tafiyar nan tata ta ƙasaita tana nan. Ta gaisa da kowa, har ta tambaye ni yara. Baba ne kawai ba ta kalla ba. Ta ce, "Ina take?"

Na ɗauko dardumar na shimfiɗa. Ta zauna a ƙasa ta shafa tsakiyar, ta shafa gezar, ta ce, "Mai gyaran ya iya." Sannan ta kai hannu kusurwar ta zura yatsa a ramin.

Sai Baba ya miƙe. Ya tako ba sanda, ya dafa kujera ya sauka har ƙasa a gabanta. Ya ciro zaren ya ajiye a kan dardumar. Ya ce, "A'i, ga zare."

Ta ɗauka ta juya shi. Ta ce, "Ba irin koren ba ne."

Ya ce, "Na zaga Kurmi, an daina yin irinsa."

Ta ce, "Dama kai ba ka taɓa sayo abin da aka aike ka ba."

Sai ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ya ce, "A'i, ya haƙuri? Ya haƙurin Ɗanjuma?"

Ta dube shi, karo na farko. Ta ce, "Sai yau, Ishaku?"

Ya ce, "Sai yau. Kunya ce ta hana ni, ba rashin so ba. Ɗan'uwana ne."

Can ta ce, "Da godiya." Ni kam tuni na jiƙa gyalena, Zahra'u tana ta sheshsheƙa a bayan labule, har fastonmu da ya tsaya yin sallama ya juya yana fyace hanci.

Sannan ta kai hannu bakin mayafinta ta zaro allura. Faruk, da allurarta ta zo tun daga gida, a soke a mayafi. Zare ne kawai ba ta zo da shi ba.

Ta miƙa wa Baba ta ce shi mai tabarau ya zura mata. Ya yi ta fama, tana ce masa ko wancan karon haka ya ɓata mata lokaci. Na matso zan taimaka, su biyun suka ce in koma inda nake. Da ya samu ya shiga, ya ɗaga allurar sama kamar ya ci kofi. Ta fara ɗinki. In gaya maka gaskiya, shekara sittin ba su ƙara mata komai ba, a karkace yake tafiya kamar na farko.

Tana cikin yi aka kira salla. Baba da kansa ya ce a kawo buta. Ta yi alwala, ta gyara dardumar ta fuskanci gabas ba tare da ta tambayi kowa ba, don ba ta manta gidan ba. Muka yi shiru har ta idar. Ta daɗe tana addu'a, na ji sunan Alhaji, na ji na Baba, na ji naka.

Baba ya ce ranar Alhamis zai je Gyadi-Gyadi da goro ya yi gaisuwa yadda ake yi. Malam Auwalu kuma ya aiko da kuɗin saƙar kusurwar, ya ce aikin da bai yi ba ba ya cin kuɗinsa, na sa an mayar maka da rabonka.

Da za ta tafi ta tsinke zaren, ta ba Baba allurar ta ce ya ajiye, kada kuma wani mai wankin mota ya kusanci kayanta. Ta faɗa tana kallona, na sunkuyar da kai. Rabin ramin yana nan a buɗe. Bai fi goro ba, Faruk, ni da ban iya ɗinki ba zan toshe shi kafin shinkafa ta nuna. Amma ta ce idonta ba ya jure aiki da yawa yanzu, sai ta yi zuwa uku ko huɗu kafin ta gama.

Baba ya ce kada ta yi gaggawa, zaren da yawa.

Gwaggonka mai ƙaunarka,
Lydia